An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Kan Daraktan Da Ya Tafi Da Wanda Zai Gaje Shi

A ƙarshen watan Satumba na 2022, saura kamar wata biyu a fara ɗaukar fim ɗin Blade, kamfanin Marvel ya ba da sanarwar cewa daraktan fim ɗin, Bassam Tariq, ya sauka daga kujerarsa. Kafin gari ya waye masu sharhin finafinai sun fara jero sunayen magada: wane ne ya dace, a'a wance ta fi iya fim ɗin ban tsoro, a'a a dawo da Guillermo del Toro tunda shi ya yi Blade na biyu a 2002. Wannan musu ya iso har nan Garwa, domin a yanzu abin da aka faɗa a Hollywood da dare, da safe yana bakin samarinmu a teburin mai shayi, wani da Hausa, wani da Fulatanci, wani da Faransanci. Kowa da ɗan takararsa, sai ka ce zaɓen magajin gari ake yi.

Ni dai ina ganin ɓata yawu ne. Duk lokacin da darakta ya bar irin waɗannan finafinan sadaukai masu ƙarfin ban mamaki, tambayar "wa zai gaje shi?" ita ce mafi arha a kasuwa, kuma ita kamfanin yake so mu yi ta yi. Tambayar da ke da nauyi ita ce: me ya kore shi? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Mutum bai kai ga kujerar da dubban 'yan sana'arsa ke mafarkinta ba, sannan haka kawai ya tattara komatsansa ya fita.

Bari mu bi labarin Blade daki-daki, don wanda bai bi shi ba. A watan Yuli na 2019, a babban taron masoya littattafan zane da ake yi a San Diego, shugaban sashen finafinai na Marvel, Kevin Feige, ya kira Mahershala Ali kan dandamali, ya ce shi ne sabon Blade, sadaukin nan mai farautar mashaya jini wanda Wesley Snipes ya fito a matsayinsa tun 1998. Mahershala ba ƙaramin ɗan wasa ba ne, yana da kyautar Oscar guda biyu. Aka ɗauko Bassam Tariq, haifaffen Karachi ta Pakistan, wanda ya yi suna da ɗan ƙaramin fim ɗinsa Mogul Mowgli. Da ya tafi, a watan Nuwamba na 2022 aka kawo Yann Demange, haifaffen Paris, ɗan uba Ba'aljeriye. Masu jero sunaye suka yi tafi, suka ce an dace. A watan Yuni na 2024 sai ga labari shi ma ya tafi. Aƙalla marubuta biyar ne suka sa hannu a labarin, wannan ya rubuta, wancan ya goge. A watan Oktoba na 2024 kamfanin Disney, wanda ya sayi Marvel tun 2009 kan kusan dala biliyan 4, ya cire fim ɗin daga jadawalinsa na 2025.

To jama'a, ku gaya mini. Darakta biyu, marubuta biyar ko fiye, shekara biyar, babu fim. Idan gida ɗaya ya aurar da amarya biyu duk suka yi yaji, ya kawo masu girki biyar duk suka gudu, shin unguwa za ta zauna tana lissafin 'yan matan da suka dace a kai wa maigidan? Mai hankali gidan zai leƙa.

Kuma ba Blade kaɗai ba ne. Edgar Wright ya fara renon fim ɗin Ant-Man tun 2006, ya shekara takwas a kansa, ya bar shi a watan Mayu na 2014 bayan an ba wasu labarinsa sun sake rubutawa ba tare da shi ba. Daga baya ya bayyana cewa shi ya so ya yi fim ɗin Marvel, amma bai ga alamar Marvel na son fim irin nasa ba. Patty Jenkins ta bar Thor na biyu a watan Disamba na 2011, kuma bayan shekaru ta faɗi dalilinta: ba ta yarda za a iya fitar da fim mai kyau daga labarin da aka miƙa mata ba, ta kuma san idan ya lalace, ita za a ɗora wa laifi, a ce mace ce ta kasa. Alan Taylor da ya gaje ta, shi ma daga baya ya koka cewa fim ɗin da ya ɗauka daban, wanda ya fito daga ɗakin tacewa daban. Scott Derrickson ya bar Doctor Strange na biyu a watan Janairu na 2020. A ɓangaren kishiyarsu DC kuwa, fim ɗin The Flash ya ci daraktoci kamar kurar da ta shiga garke. Cikin waɗanda suka shiga suka fita har da Rick Famuyiwa, ɗan iyaye 'yan Nijeriya, wanda ya karɓi aikin a tsakiyar 2016 ya ajiye shi a watan Oktoba na shekarar. Fim ɗin bai fito ba sai 2023, a hannun Andy Muschietti, kuma kasuwa ta juya masa baya.

Kusan kowane lokaci kalma ɗaya ake rufe maganar da ita, a ce an sami saɓanin fahimta a kan yadda aikin zai kasance. Wannan lafazi ne mai ladabi, irin wanda dattawa kan yi idan aure ya mutu, su ce zama ne ya ƙare. Abin da ke ƙarƙashinsa kuwa a fili yake ga wanda ya san yadda injin ke juyawa.

Ga yadda yake juyawa. Kamfani kan tsayar da ranar fitowar fim shekara biyu ko uku kafin a gama rubuta labarinsa. Fim ɗin kuma ba shi kaɗai yake tsaye ba, ɗaure yake da wanda ya gabace shi da wanda zai biyo baya, don haka akwai wanda ba a isa a kashe ba, akwai wanda dole ya leƙo ko da labarin bai neme shi ba. Manyan wuraren faɗa, waɗanda su ne ke cin kuɗi mai yawa, sau da yawa ma'aikatan kwamfuta sun riga sun zana su tun da wuri. Darakta 'yar Ajantina, Lucrecia Martel, ta ba da labarin cewa da aka tuntuɓe ta kan fim ɗin Black Widow, ce mata aka yi kada ta damu da wuraren faɗa, su za su kula da wannan. Sannan in an gama ɗauka, hukuncin ƙarshe a ɗakin tacewa na kamfani ne. Wato an ba ka doki da sirdi da alkyabba, an ce kai ne mahayi, amma linzami na hannun wani yana tafe a ƙasa. Idan dokin ya yi tuntuɓe, kai jama'a suka gani a sama.

Saboda haka duk wanda ya zauna yana auna ko wane ko wane ne zai fi dacewa da wannan sirdi, yana taya mai linzami ɓoye hannunsa ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Na san abin da za a ce mini, kuma maganar tana da ƙafafu. Za a ce ai Peyton Reed da ya gaji Wright ya fitar da Ant-Man ya kawo fiye da dala miliyan 500. Sam Raimi da ya gaji Derrickson ya kawo fiye da miliyan 900. Ita kanta Patty Jenkins ai gadon kujerar Michelle MacLaren ta yi a Wonder Woman, ta kuma yi abin da duniya ta yaba a 2017. Za a ƙara da cewa wanda ya zuba dala miliyan 200 yana da haƙƙin ya ce ga yadda yake so, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban musa ba. Akwai ma tafiyar da ba ta da alaƙa da rigima: Zack Snyder ya bar Justice League a 2017 ne bayan rasuwar 'yarsa, kuma babu mai imanin da zai ga laifinsa.

Amma ku duba abin da wannan hujja ke tabbatarwa. Idan za a iya cire Wright a sa Reed, a cire Derrickson a sa Raimi, kuɗi su shigo yadda aka tsara, to hujjar da kanta ta nuna cewa wanda ke kan kujerar bai da wani tasiri mai yawa, ke nan musun wa zai hau ta ya zama na banza. Idan kuwa yana da tasiri, to korarsa asara ce da ya kamata a tambayi dalilinta. Ko ta ina aka ɓullo, lissafin magada bai da riba. Shi ma Justice League ɗin shaida ne: abin da Joss Whedon ya ƙarasa aka fitar a 2017, da wanda Snyder ya fitar mai tsawon awa huɗu a 2021, 'yan wasa ɗaya ne, labari kusan ɗaya, amma duk wanda ya kalli biyun ya san hannu biyu ne daban. Hannun darakta yana bayyana a fim kamar yadda hannun mai girki ke bayyana a miya, sai fa in an hana shi taɓa gishiri.

Mai karatu zai iya cewa, to mu ina ruwanmu? Attajiran Amurka na rigima da ma'aikatansu, mu da ke bakin Binuwai me ya shafe mu? Da abin ya tsaya a can, da ban ɓata takarda ba. Abin da ya dame ni shi ne darasin da yaranmu ke ɗauka daga wannan musu, a daidai lokacin da suka fara ɗaukar kyamara da kansu.

Ku tuna halin da muke ciki. Silimar Ribadou ta nan Garwa, da Diamaré ta Marwa, da Adamaoua ta Ngaundere duk sun zama labari. A watan Janairu na 2009 manyan silimun da suka rage a Kamaru, Abbia ta Yawunde da Wouri ta Duwala da Empire ta Bafusam, suka rufe ƙofa. Da Canal Olympia ta zo daga 2016, Yawunde da Duwala ta nufa. Mu a Arewa waya ce silimarmu. Yaro ya kai katinsa wurin masu tura finafinai, a cika masa da na Kano, da na Indiya masu fassarar Hausa, da na Amurka masu fassarar Faransanci. A wannan hanya fim yakan iso babu kai babu gindi: an yanke sunayen farko, ba mai jiran na ƙarshe. Mun tashi mun san fuska, ba mu san hannu ba. Fim na jarumi ne, in an matsa a ce na mai kuɗi.

Haka abin yake ko a Kannywood da muke koyi da ita. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina, babu majalisar da ba a yi zancen wadda za ta maye gurbin Sumayya ba. Amma ina tambayar masu kallon Izzar So, waɗanda suka san Umar Hashim kamar ɗan gidansu: mutum nawa ne a cikinku suka san sunan Nura Mustapha Waye kafin a sanar da rasuwarsa a watan Yuli na 2022? Allah ya jiƙansa. Shi ne ke bayan kyamara yana ba da umarni duk tsawon lokacin da shirin ke tashe, amma da yawa sai a ranar ta'aziyya suka fara jin sunansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na ga ƙaramin samfurin rigimar Marvel da idona a garin nan. Wani yaro mai hazaƙa ya rubuta shiri mai dogon zango, Hausa da Fulatanci a gauraye kamar yadda muke magana a kasuwa, wani ɗan kasuwa ya ɗauki nauyi. An ɗauki kashi huɗu lafiya. A na biyar mai kuɗi ya zo da wata yarinya ya ce ita za a mayar tauraruwa, a kuma cusa waƙa biyu a kowane kashi. Yaron ya ce labarin ba zai ɗauka ba. Washegari aka ce wa mai riƙe da kyamara ya ci gaba da ba da umarni. Babu takarda, babu shaida, hotunan da aka ɗauka kuma suna cikin kwamfutar mai kuɗi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda abokan aikinsa suka karɓi zancen. Babu wanda ya ce an yi zalunci. Cewa suka yi ai ko a Amurka haka ake yi, darakta ya tafi a kawo wani. Shirin bai kai kashi na takwas ba ya mutu, domin wanda ya san inda labarin ya dosa ba ya nan.

Wannan ne ya sa nake ɗaga murya. Marvel tana da rumbun kuɗin da za ta jefar da darakta biyu da shekara biyar ta kuma kwana lafiya. Mu ba mu da shi. Abin da muke da shi kaɗai shi ne mutumin da ke ɗauke da labari a ƙirjinsa. Idan muka koyi ɗabi'ar ɗaukarsa kamar tayar babur, ta fashe a sauya, to mun kwaikwayi cutar attajiri ba tare da kuɗin maganinsa ba.

Kuma ba a rasa wata hanyar ba. Med Hondo ya so ya ɗauki Sarraounia a Nijar, ƙasar da Sarauniyar Lugu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, daga littafin Abdoulaye Mamani. Da shirin ɗauka a Nijar ya rushe, bai miƙa wa wani labarin ba, ya kwashe kayansa ya tafi Burkina Faso, fim ya fito a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. A nan gida, Cyrielle Raingou ta yi ta zarya zuwa Kolofata a Arewa Mai Nisa tana bin rayuwar yara a ƙarƙashin barazanar Boko Haram, fim ɗinta ya ci babbar kyautar bikin Rotterdam a 2023. Wa zai iya gadon kujerarta a tsakiyar aiki, alhali amanar da mutanen garin suka ba ta ita ce fim ɗin? A Kano ma, abin da ya sa Labarina ya jure ficewar tauraruwarsa shi ne Aminu Saira ne darakta, kamfanin kuma nasa ne, babu mai sallamarsa da rana tsaka.

Misalin da ya fi burge ni daga cikin gidan Marvel ɗin ya fito. Ryan Coogler, wanda ya yi musu Black Panther a 2018 ya kawo fiye da dala biliyan 1.3, shi ne ya je ya rubuta nasa labarin na mashaya jini, Sinners, ya kafa wa kamfanin Warner sharaɗi: hukuncin ƙarshe a ɗakin tacewa nasa ne, kuma bayan shekara 25 mallakar fim ɗin za ta dawo hannunsa. Fim ya fito a watan Afrilu na 2025, ya kawo fiye da dala miliyan 350. Wato a shekarar da aka tsara Blade zai fito bai fito ba, wani baƙar fata ya fitar da fim ɗin mashaya jini da linzami a hannunsa. Har wasu tufafin da aka tanada don Blade a Sinners aka ƙare da sa su. Shi ma Derrickson da ya bar Doctor Strange, ɗan ƙaramin fim ya je ya yi, The Black Phone, da kuɗin da bai kai dala miliyan 20 ba, ya kawo fiye da 150.

Don haka ga abin da nake kira gare shi, kuma ba abu ne mai tsada ba. Na farko, ga matasanmu masu ba da umarni a Garwa da Marwa da Ngaundere: kada ku ɗora kyamara a kan ƙafarta sai an rubuta takarda, ko da shafi ɗaya ce, da shaidu biyu. A faɗi na wane ne labarin, wa ke da hukuncin ƙarshe wurin tacewa, me zai faru idan aka ɓata a tsakiya, kuma a hannun wa kwafin hotuna zai zauna. Mu da ko awaki ba ma sayarwa a kasuwa sai da dillali da shaida, bai kamata mu miƙa aikin shekara guda a kan "ai mun yarda da juna" ba. Na biyu, ga masu zuba kuɗi: haƙƙinku ne ku tsayar da kasafi da lokaci, ku kuma zaɓi wanda kuka amince da shi tun farko. Amma in kun ɗauki tela, ku bar masa almakashi. Na uku, gare mu masu kallo: mu koyi tambayar wa ya ba da umarni, kamar yadda ba ma sayen littafi sai mun duba sunan marubuci. Ranar da sunan darakta ya fara sayar da fim a wurin masu turawa, ranar ce mai kuɗi zai fara jin tsoron korarsa.

Akwai kuma dalilin da ya sa maganar ke da gaggawa. Muna da namu sadaukan da ke jiran kyamara: Ganɗoki na Bello Kagara, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da tarin jaruman littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, ga kuma tarihin lamidai da mahayan Fombina da ke kewaye da mu. Kayan aikin kwamfuta na ƙara arha kowace shekara, kuma ba da jimawa ba wani mai kuɗi, na gida ko na waje, zai zo neman waɗannan labarai. Mun riga mun ga yadda Amina ta Zazzau ta hau Netflix a 2021 tana magana da Turanci. Idan ranar ta zo muna nan da ɗabi'ar cewa kowa ma zai iya hawa kujerar, za a ɗauki wanda ya san labarin, a yi amfani da sunansa wurin talla, in ya buɗe baki a sallame shi, mu kuma mu koma teburin mai shayi muna jero sunayen magadansa.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Nan gaba in kuka ji an ce wani darakta ya bar wani fim, a Atlanta ne ko a Kano ko a Rumde Ajiya, ku bar masu lissafi da lissafinsu, ku tambayi abin da aka nemi ya yi ya ƙi.